Tabarmin da Aka Yi wa Salati

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu, ni ne mai kai tabarmin matan ƙauyenmu kasuwar Tasawa. Ƙauyen namu yana bayan Korgom, hanyar kuma yashi ce har ka hau kwalta. Kakata ce uwar masu saƙar kaba, ita ke tara tabarmin kowa a zaurenmu, ni kuma in ɗaure su a gicciye bayan babur kamar yadda kowa ke yi. In ka hango ni daga nesa sai ka ce ƙyaure ne ya yi ƙafa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne mai. Sau da yawa ina hango Tasawa babur zai yi tari ya mutu, in sauka in tura, gumi har cikin ido. Abin da na samu, mai ya cinye. Da na gaji sai na gaya wa mahaifiyata cewa ana gama girbi zan sayar da babur in bi sa'o'ina arewa haƙar zinariya. Daga ranar dariyarta ta ɗauke. Ni kaɗai ne namiji a gidan.

Wata rana wani maƙwabcinmu ya ba ni buhun gero in kai masa Tasawa. Buhun ya fi tabarmin nauyi nesa ba kusa ba, amma na isa da sauran mai a tanki. Na yi ta juya abin a raina har na gane: ashe ba nauyi ke shanye mini mai ba, iska ce. Tabarmi a gicciye suna tare ta kamar bango, babur yana ta kokawa da ita tun daga gida.

Na je wurin mai walda ya ƙara mini tsawon ƙarfen ɗaukar kaya ta baya. Na naɗe tabarmin wuri guda, na kwantar da su a tsaye, wato bisa tsawon babur, kaurin yana jingine da bayana, ƙarshen ya tsuke. Don kada bakinsu ya riƙa kaɗawa, na nemi abin rufewa. Abin da hannuna ya kai gare shi shi ne wani farin yadi da na saya zan ɗinka riga ban ɗinka ba. Na lulluɓe, na ɗaure sama, na ɗaure tsakiya, na ɗaure ƙasa. Ana idar da sallar asuba na kama hanya, ba wanda ya gani a gida.

Babur kuwa ya yi sakayau, ko kukansa ya canza. Sai na lura mutane suna miƙewa tsaye in na wuce. Mai amalanke ya kauce mini tun daga nesa. A wata majalisa dattawa suka bar shayinsu suka tashi, bakinsu yana motsi. Ni kuma, don wauta, na ɗauka fasahata ce ta burge su. Har hannu nake ɗaga musu ina murmushi.

Sai da na tsaya gaban dillalin tabarmi na san inda aka kwana. Ya dafe ƙirji ya yi salati, ya ce, "Wa ar rasu, ɗana? Kuma mi ya kawo ka kasuwa da shi?"

Na ce, "Tabarmi ne, Alhaji."

Na waiwaya na dubi kayana da idon wani. Farin yadi, tsawon mutum, ɗauri uku.

Salulata ba caji, don haka ban san abin da ke faruwa a gida ba. Ashe wani a Korgom ya buga waya ƙauyenmu ya ce ya gan ni da gawa na nufi Tasawa. Kakata kuwa 'yar Tasawa ce, kuma kwanakin nan tana kwance da zazzaɓi. Kafin 'yan gida su ƙaryata, labari ya zagaye ƙauyukan kusa. Da na dawo da la'asar na tarar an cika ƙofar gidanmu. Tsohuwar tana zaune a tsakiyar mata tana shan kunu, tana amsa gaisuwar mutuwarta da bakinta.

Tana ganina ta ce, "Ga angona nan. Kai da za ka kai ni, ko sallama ba ka yi mini ba?"

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Mata biyu suka ce su kam sun janye tabarminsu, wannan mugun fata ne, wasu suka fara gyaɗa kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce shi ke nan, na kashe sana'ar da hannuna, arewa ta tabbata.

Kakata ta ajiye ludayi ta ce, "Ku dakata. Kai, isansin hwa? Ya kai ka?"

Na ce, "Man ya kai ni, Kaka, ya maido ni, ban sayi ko kwalba ba." Na girgiza babur, kowa ya ji man yana motsi a tanki.

Ta aika aka ɗauko mata zanenta na atamfa mai jan fure, ta jefo mini. "Gobe da wanga za ka ruhe. Wadda kuma ta janye tabarmatta, ta janye gaisuwatta, ban so." Ba wadda ta janye. Daga cikin ɗaki na jiyo mahaifiyata tana dariya har da tari.

Girbi ya zo ya wuce ban sayar da babur ba. Yau rabin masu ɗaukar tabarmi a yankinmu a tsaye suke ɗaurewa, sai dai ba mai kusantar farin yadi. Abin ya koya mini in riƙa ja da baya ina duban aikina yadda mai wucewa zai gan shi.

Kakata ta ƙara shekaru masu kyau tana tsokanata kafin Allah ya karɓi abarsa. Ranar ba a waya na ji ba. Ina gida, kuma kafaɗata tana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.