Fensirin da Inji Ke Gani

Malam Ilu mutumin Gumel ne, ɗan wani maɗinkin hula a bayan kasuwa. Aikin koyarwa ne ya kai shi wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, inda ya daɗe yana riƙe da ajin ƙarshe na firamare, har yaran da ya fara koya wa baƙi suka zama magidanta. Gajere ne, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Duk ƙauyen an san shi da son insha'i. Yakan sa yara su rubuta labarin rijiyar garinsu ko na ranar kasuwa, ya zauna gindin darbejiya yana karantawa yana gyaɗa kai.

A shekarar 1977 aka tara malamai a Gumel, aka gaya musu cewa jarrabawar shiga sakandare ba mutum ne zai duba ta ba. Wani inji ne a Ikko, wai shi kwamfuta. Yaro ba zai rubuta amsa ba, ɗan gurbi zai cike da baƙin fensir. Kuma injin ba ya ganin biro, ba ya ganin kowane fensir sai mai alamar HB a jikinsa.

Malam Ilu ya koma gida ransa a jagule. Ya ajiye insha'i, ya zana gurabe a allo, yara suka wuni suna koyon cikewa ba tare da sun fita layi ba. Wadda abin ya fi damunsa a kanta ita ce Yelwa, 'yar Bappa Cindo, wani makiyayi da ke da ruga a arewacin ƙauyen. Ita ce kan gaba a ajin, kuma da ƙyar Malam Ilu ya shawo kan uban ya bar ta a makaranta lokacin da shanu suka tafi kudu neman ciyawa.

Ranar Asabar za a yi jarrabawar. Ran Laraba da la'asar saƙo ya iso cewa kwalin fensiran da aka yi alkawari bai zo ba, kowace makaranta ta nemi nata. Malam Ilu ya zazzage akwatinsa, ya sami guda uku masu alamar. Yaransa kuwa sun haura ashirin.

Washegari Alhamis, kasuwar Maigatari ke ci. Ya hau kekensa tun da sanyin safiya, yashi na riƙe tayoyin, wani wurin sai ya sauka ya tura. Ya ratsa kara inda ake cinikin dabbobi, ya wuce raƙuma da 'yan kanwa, ya bi masu tebur ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina amsa ɗaya ce: malaman Gumel sun riga shi, sun kwashe. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, sai ga wani ɗan koli daga wajen Damagaram da damin fensira masu koren fenti.

"Kiriyon ne, Malam, irin na lakwal, makarantar bokonmu," in ji mutumin. "Baƙinsa kamar gawayi."

Malam Ilu ya juya ɗaya a hannu. Babu HB, sai lamba biyu da wani rubutun Faransanci.

"Inji yana ganinsa?"

"Wane inji?"

Ya saya, don babu wani.

Ran Asabar a-kori-kura ta sauke su a makarantar da za a zauna jarrabawar a Gumel. Mai sa ido wani ma'aikaci ne da aka turo daga Kano, Malam Ubale. Ya tsaya bakin ƙofa yana duba hannun kowane yaro. Da ya ga koren fensir sai ya ɗaga hannu.

"Malam, wannan ba shi aka ce ba."

"Ranka ya daɗe, shi na samu."

"Ni ba zan hana su shiga ba. Amma ka sani, in injin bai gani ba, takardar yaro fara ce fat a wurinsa. Kuma ba ya jin roƙo."

"Kai ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba. Abin da aka gaya mini nake gaya maka."

Yaran sun ji komai. Suka zuba wa aljihun malaminsu ido, inda kawunan fensira ukun nan suka leƙo. Ɗan mai gari yana cikinsu, da ɗan ƙanwar matar malamin, ga kuma Yelwa a can baya ta sunkuyar da kai. Malam Ilu ya dafe aljihun. Duk wanda ya miƙa wa, sauran za su shiga da sanin cewa an zaɓe su ne don faɗuwa.

Ya roƙi a ɗan saurara masa. Ya zaga bayan aji, ya tsuguna, ya ciro reza. Ya yanka masu alamar gida uku-uku, ya yanka korayen daidai tsawonsu, sannan ya kankare fentin duka har suka zama farin itace. Reza ta yanke shi a babban yatsa, bai kula ba. Malam Ubale yana ta buga ƙararrawa. Malam Ilu ya fiƙe su, ya zuba a hularsa, ya girgiza.

"Kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Kada wanda ya duba. Ku yi bismilla ku shiga."

Suka shiga. Shi kuma ya zauna a inuwar katanga yana tsotsar yatsa, bai iya cin komai ba har suka fito.

Sakamako bai zo ba sai da gero ya fara fitar da kai. Yara bakwai suka ci, har da wani da Malam Ilu bai taɓa sa masa rai ba. Yelwa ba ta ciki. Ba yadda za a yi ya san ko guntun da ta ɗauka ne ya cuce ta, ko garin gogewa ta ƙuje takardar, ko kuwa tsoro ne ya kama ta. Ita kanta da ya tambaye ta, kuka kawai ta yi.

Da kansa ya tafi rugar. Shanu sun dawo, Bappa Cindo yana zaune kan buzu yana tufka igiya. Ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba.

"Malam, kai ka ce mini babu kamarta."

"Na faɗa, Bappa. Har yanzu ina faɗa."

"To wa ya ce ba ta iya ba? Kai ni wurinsa. In alƙali ne, na san ƙofar alƙali. In Bature ne, a samo tafinta. Ya zaunar da ita ya tambaye ta a gabana."

"Ba mutum ba ne, Bappa."

"Abin da ba mutum ba, shi zai yanke wa 'yata hukunci?"

Malam Ilu ya gaya masa batun fensiran, bai rage komai ba, har hular da rezar. Bappa Cindo ya ajiye igiyar, idanunsa suka kaɗa. Matan rugar da ke daka suka tsaya cak.

"Kana da mai kyau a aljihu, ka hana ta?"

"Na hana kowa."

"Ni ba kowa na ba ka amana ba. Yelwa na ba ka."

Malam Ilu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Bai kare kansa ba. Ya ce abu ɗaya ya zo roƙo: a bar masa ita shekara guda, ta zauna wurin matarsa A'i, ta sake zama jarrabawar. Bappa Cindo ya tashi ya shige cikin shanu, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Aka yi girbi, aka kai amfani rumbu, Yelwa ba ta dawo makaranta ba. Ɗan mai gari ma bai ci ba, uban ya daina amsa gaisuwar Malam Ilu, har aka fara raɗe-raɗin za a mayar da shi Gagarawa. Kullum in ya shiga aji sai ya kalli bencin baya.

Ranar da rugar za ta tashi, yana cikin darasi ya ji kukan shanu a bayan makaranta. Ya leƙa ta taga. Bappa Cindo ne tsaye da sanda a kafaɗa, Yelwa na gefensa da ƙullin kayanta a ka. Malam Ilu ya fito da alli a hannu.

"Ga ta nan," in ji Bappa Cindo. "Ba ta cin miyar kuka, a gaya wa matarka."

Ya juya ya bi shanunsa. Yelwa ta sake zama a shekarar da ta biyo, ta ci, aka tura ta makarantar 'yan mata a Kano. Malam Ilu kuwa an mayar da shi Gagarawa kafin ta tafi, can ya ƙarasa aikinsa. A'i ce ta tsaya ta raka ta tasha.