Hawayena a motar Faisal

Jiya a ƙaramar bas mai zuwa unguwar Faisal, ni da gemuna da littafin fiƙihu a cinya, sai ga hawaye shar a fuskata.

Wasu mawaƙa biyu ne 'yan Koriya, masu waƙar R&B, da nake bi tun ina sakandare. Sun yi tashe tare, daga baya kowa ya kama gabansa. A wayata na gan su sun dawo dandamali ɗaya, muryoyin har sun fara tsufa.

Wata dattijuwa Bamisriya a gefena ta miƙo min tishu. "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, rasuwa aka yi a gida?"

Kowa ya kasa kunne, direba har da kashe rediyo. Ta ina zan fara?

Na ce, "A'a Hajiya, wasu 'yan'uwa ne biyu da suka daɗe a rabe, yau suka shirya."

Ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a, fasinjoji suka amsa da amin. Da za ta sauka ta ce, "Ka kira su ka ce ina gaishe su."

Jama'a, wa ya san hanyar Koriya? Amanar gaisuwa ce a wuyana.