Baka biyun da na cire

Mun tashi da asuba daga tashar Mubi, ni da wata abokiyar karatuna 'yar Michika. Kwamfutocin makarantarmu ba sa gane harshen kwamfuta na C, don haka aikin da za a ba mu maki a kansa sai a Yola za mu gwada, inda aka yi mana alfarmar awa ɗaya. Ita ta tsara shirin kwamfutar, mai gano ranar da ruwan sama ya fi yawa a Gude. Ni na kwafe shi, don ana yaba rubutuna.

Fijo muka shiga, mu tara, ga akuya a but. Ramukan bayan Hong sun hana ni karatu. A Gombi muka sha kunun gyaɗa da ƙosai, tana min tsiya wai na rungume takardu kamar jariri.

A Yola shirin ya tashi, amma yana tsallake kwanaki. Mai kula da injin ya duba, ya yi dariya. Umarni biyu ne ke da suna "babba" a shirin, ɗaya ana ce masa fankishin, ɗaya makaro. Kafin a harhaɗa shiri, akwai sashen da ke bin rubutun. Duk inda ya ga "babba" da baka, wato alamar (, a gabansa, sai ya musanya shi da makaro. Makaron kuwa yana maimaita abin da aka ba shi, sai ya karanta awon ruwa sau biyu, ya tsallake kwana ɗaya. Da an rubuta (babba), suna a cikin baka, da sashen ya wuce shi, fankishin ya yi aikinsa. Mutumin ya dube ta.

"'Yammata, haka ake koya muku a Mubi?"

"Allah, na sa shi," in ji ta.

Ta sa kuwa. Ni na cire bakan lokacin kwafewa, a ganina ƙazantar rubutu ce. Na sunkuyar da kai na bar ta da laifin, har awarmu ta ƙare ba mu gama gyara ba.

Sai da muka kai Song na iya faɗa mata.

"Na sani tun can, Malam. Takardana yana jakana. Ina jira in ji ko kana da baki."

Mun shigo Mubi da magariba. Washegari na gaya wa malaminmu laifina ne, ya ba ta makinta, ya rage nawa. Na koyi in tambaya kafin in gyara abin da ban gane ba. Mutumin Yola dai har yanzu ita yake ganin ba ta iya ba.