Wayar da ba ta kai Dugabau ba

Gwarzo

Ana idar da sallar asuba muka fita daga gida, ni da Garba ƙanin mijina. Lokacin waya sabuwa ce a garinmu, mai ita ɗaɗɗaya ne, tsadar rayuwa kuwa ta hana mutane sakat. Mijina yana aiki a Jidda, ya daɗe bai zo gida ba. Shi ya aiko da wayar, ya ce mu kai wa Inna mahaifiyarsu Dugabau, zai kira ta bayan la'asar. Ƙafa ta riga ta hana ta tafiya, ba ta kuma da buri sai ta ji muryarsa.

A tasha na ce, "Garba, kawo na ɗaure ta a haɓar zani."

Ya yi mini kallon banza. "Haba matar Yaya, waya ce fa, ba daddawa ba."

Ya jefa ta a aljihun babbar riga, aljihun da ko akuya za ta iya zura kai.

Kan hanya

'Yar ƙurƙurar motar da muka samu, mata a baya, maza a gaba. 'Yan Hisba suka tsayar da mu, suka leƙa, suka ce mu wuce. Nan Garba ya samu abin wa'azi.

"Kin gani? Zamanin Shari'a ne. Wane ɓarawo zai sayar da hannunsa?"

Direba ya ce, "Allah ya sa, Malam."

Kafin mu kai Kabo sai da ya ciro wayar ya fi a ƙirga, wai yana duba lokaci, ga agogo ɗaure a hannunsa.

Kabo

Da hantsi muka sauka. Muna jiran mai babur sai Garba ya hango taron ɗaurin aure a ƙofar masallaci. Bai san ango ba, bai san waliyyi ba, amma Garba da taro kamar ƙuda da mangwaro ne. Ya bar ni wurin wata mai ƙosai, ya kutsa tsakiya.

Ina hangensa aka ce a yi Fatiha. Ya ɗaga hannu biyu har sama da hula, riga ta buɗe gefe da gefe, aka shafa, aka hau wawar goro da alawa. Ya dawo yana washe baki, hannu cike. Na ce ina waya? Ya laluba dama, ya laluba hagu, goro ya zube a ƙasa.

"Inna lillahi! A ƙofar masallaci?"

Mai ƙosai ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baƙo ne ko? Ai a taron nan da hannu ɗaya ake shafa Fatiha, ɗayan yana kan aljihu."

Raina a ɓace na tsayar da mai babur, muka hau.

Dugabau

Bayan gari akwai wani tudu, nan kaɗai sabis yake kamawa. A can muka tarar da Inna. Tun azahar ta sa aka kai ta a amalanke, tana zaune a tabarma da mayafinta na salla. Garba ya durƙusa yana ta kame-kame, ni na faɗa mata.

Ta ce, "Allah ya mayar da alheri."

La'asar ta wuce, na ce mu koma gida. Ta ce, "Ku bar ni tukuna. Ai shi yana can yana kira."

Sai da aka kira magariba ta yarda aka ɗauke ta.

Komawa

Washegari muka iso Gwarzo lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa mai ƙosai da karatun da ta ba mu kyauta. Duk mai zuwa taro da waya, ya bar wa aljihu hannu ɗaya, Allah yana karɓar addu'a a haka. Garba kuwa har yau in an ce Fatiha hannu biyu yake ɗagawa, don babu abin da ya rage masa a aljihu.