Lefen Ƙanwata a Ƙarƙashin Koren Ƙwai

Shekarun baya, wajen farkon shekarun tamanin, in dai maganar haɗa fitilun ɗaki ake yi, duk Fezzan babu na biyuna. In na ga dama ma sai in ce duk Maiduguri, babu mai kai ni ƙara. Sana'ata dillancin shanu ce kamar ta marigayi mahaifina, amma a raina na tabbata shanu ne kawai suka tare wa ƙasar nan wani babban injiniya.

Zafin garinmu ne ya jawo abin. Wata shekara kasuwa ta yi min kyau, na gina falo a gaban gidanmu na gado, aka ja min lantarki. Sai na zauna na yi nazari mai zurfi, irin wanda ba kowa Allah ke ba ba. Na gano cewa farar wuta da ja ƙara zafi suke yi, kore da shuɗi kuwa sanyaya ɗaki suke. Babu wanda ya koya min, ni na gano abina a kan tabarma.

Bango na sa aka shafe shi da koren fenti, ƙasa na shimfiɗa shuɗiyar darduma. Na sa dogon ƙwan lantarki kore a saman ƙofa, wani a saman taga. A kusurwoyi na kafa 'yan fitilun bango masu siffar fure, kowace da shuɗin ƙwai, don su amsa wa dardumar. A tsakiyar silin kuma na rataya wata fitila mai rassa da 'yan gilasai masu lilo, wadda na saya hannun wani alhaji da ya dawo daga Makka. Ƙwayayenta farare ne, suka ɓata min tsari, sai na kwance su na tsoma su cikin ragowar fentin bango, na shanya, na mayar. In ka kunna su duka, malam, kai da kanka sai ka ji kamar ka nemi bargo.

Abokaina da ke shan shayi a wurina sun yaba ƙwarai. Mahaifiyata ta leƙo sau ɗaya ta ce kamar cikin kududdufi, ta koma. Matata kuwa ta daina kawo min abinci can, wai farin tuwon shinkafarta fitowa yake kamar an kwaɓa shi da kuka. Na ce mata zamani ne, ba kowa ke gane shi da wuri ba.

A wannan shekarar aka sa ranar autarmu. Yaron da zai aure ta ɗan Zabarmari ne, can wajen gari, manomin shinkafa, mai kunya, in ya zo gaishe ni har sai na ji tausayin ƙasar da yake kallo. Suna son juna, kuma kowa ya san ya daɗe yana tara kuɗin shinkafarsa don ya yi mata lefen da ba za a raina ba.

Ranar kawo lefe, mahaifiyata ta sa aka share tsakar gida aka baza tabarmi. Na ce, "Haba Inna! Ga falo a gidan nan, a sauki baƙi a tabarma kamar masu zaman makoki?"

"A tsakar gidan nan aka karɓi na yayyenta," in ji ta.

"Lokacin ba a yi falo ba."

Ta yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin izini. Da la'asar ya kamata su iso, motarsu ta lalace a hanya, sai bayan magariba suka shigo. Kowa ya damu ban da ni, don fitila ba ta nuna kanta da rana. Na kunna komai, matata ta sa turaren wuta, hayaƙin ya tashi shuɗi-shuɗi. Tunda taron mata ne, sai na ja kujera na zauna a waje gindin taga, ina jiran in ji ana tambayar wane ne ya yi wannan aiki.

Mai magana a ɓangarenmu Goggo ce, yayar mahaifina, wadda tunda nake ban taɓa jin ta ce wani abu ya yi kyau ba, har jarirai. Jagorar baƙin kuwa gwaggon ango ce, wata 'yar siririyar tsohuwa mai Hausa da karin Barebari. Aka gaisa, aka yi guɗa, aka buɗe akwatin farko.

Goggo ta ɗaga lafaya, wato dogon mayafin nan da matan Borno ke naɗewa da shi, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Ikon Allah. Baƙa kuka fara sa mata a sama? Amarya ce ko mai takaba?"

"Ja ce, Hajiya," in ji tsohuwar. "Ja jawur."

"Ja? To ni ce makauniya? Ku duba min, jama'a."

Matan suka duba. Na miƙa wuya ta taga ni ma na duba. Baƙa ce, ko ɗigon ja babu. Tsohuwar ta karɓa ta kai ta kusa da idonta, ta ce, "Wallahi a gidanmu ja ce."

"To a hanya ta tsufa ke nan," in ji Goggo. Wasu suka kwashe da dariya.

Daga nan abu ya lalace. Atamfa mai ruwan goro ta fito kalar laka. Farin leshi ya fito kamar an wanke shi a ruwan kwata. Duk abin da aka ɗaga, in ba baƙi ba to kore ne mai dauɗa, har wata maƙwabciyarmu ta tambaya ko duka daga bandir ɗaya aka yanko. Da aka zo kan sarƙar gwal, Goggo ta riƙe ta da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Wannan tagullar fa, a wace maƙera? Har ta fara kore. Ku dai faɗi gaskiya, in bana shinkafa ba ta yi ba, ai ba abin kunya ba ne."

Tsohuwar ta miƙe tsaye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hajiya, yaron nan da ƙafarsa cikin ruwa ya samo kuɗin abin da kike riƙe da shi. Mun zo da mutunci. Ban san me aka yi wa kayanmu a gidan nan ba, amma zagi kam mun ji. Ba ma ɗaukar kaya da duhu. Gobe mazanmu za su zo su kwashe."

Suka fita, ba su taɓa abinci ba, tukwici ma suka ƙi karɓa. A wurinmu in aka zo aka kwashe lefe, ba sai an yi wa kowa bayani ba, aure ya tashi. Ƙanwata tana ɗakin Inna, kukanta har zaure.

Ni fa har lokacin ina bayan Goggo. Na ce wa matata mutanen nan ba su da ido sam, a ce a cika akwatuna babu kala ɗaya mai rai? Abin da ya fi ɓata min rai ma, duk cikinsu babu wadda ta ɗaga kai ta kalli silin.

Da safe mahaifiyata ta ce a fito da kayan a ninke su yadda aka kawo, kada a ce mun yamutsa. Matata ta jawo akwatin farko tsakar gida ta buɗe. Ina shan kunu na ji ta yi salati. Lafayar nan tana hannunta, ja jawur, har tana ɗaukar ido. Atamfa ruwan goro, leshi fari tas, sarƙa kuwa da rana ta dake ta sai da kajin gidan suka tsorata.

Aka aika wa Goggo, ta zo tana faɗa tun daga ƙofa. Ta ga lafayar ta tsaya tana murza ido. Matata, wadda ta daɗe tana jiran rana irin wannan, ta ce, "Goggo, zo ki ga wani abu." Ta shige falona da ita, lafayar a hannu, ta saki labule, ta kunna fitilun. Baƙa. Suka fito. Ja. Goggo ta karɓe lafayar ta dinga shiga tana fita ita kaɗai, kamar mai safa da marwa. Da ta gaji ta tsaya a gabana. Na ajiye kwanon kunun.

"Kai ka haɗa waɗannan?"

"Ni ne, Goggo. Don sanyi."

"Tashi ka nemo mota. In mazan nan suka riga mu barin Zabarmari, kai za ka auri ƙanwarka."

Na samo a-kori-kurar wani abokina da muke ɗaukar awaki da ita. Goggo a gaba, ni a baya inda awaki ke tsayawa, wai babu wuri. Muka tarar da baffannin ango sun riga sun sa manyan riguna, ana neman motar da za ta kai su gari. Angon na hango can gefe a zaune, kamar an zare masa laka.

Tsohuwar ta fito, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna tana kallonmu. Na zuba ido in ga yadda Goggo za ta ba da haƙuri, don abu ne da tarihi bai taɓa gani ba. Ta gyara murya, ta nuna ni da haɓa.

"Ga shi nan. Ya yi bayani."

Na yi. Na fara daga zafin Maiduguri, na bi ta kan darduma, na zo kan ƙwayayen da na tsoma a fenti. Ina tsakiyar bayanin yadda shuɗi ke amsa wa kore wani baffan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Tsohuwar ba ta yi dariya ba.

"Fitila ta canja kala, na yarda," ta ce. "Maganar shinkafa ba ta yi ba fa, ita ma fitila ce ta faɗa?"

Goggo ta sunkuyar da kai ta ce, "Wannan bakina ne. Ki yafe ni, 'yar'uwa."

Sharaɗi ɗaya tsohuwar ta kafa. Duk matan da suka ji zagi a sake tara su, a sake buɗe lefe a gabansu, da rana tsaka, a tsakar gida. Haka aka yi. Goggo da kanta ta ɗaga sarƙar ta ce babu laifi, wanda a bakinta daidai yake da a ce an yi guɗa kwana bakwai. Aka ɗaura aure. Yau ƙanwata har jikoki gare ta.

In na tuna abin yanzu ba kunya nake ji ba, mamaki ne ya fi yawa. Ɗaki cike da mata masu ido lafiya, ni ma da nawa, duk muka yarda da abin da muka gani, har aure ya kusa mutuwa, babu wanda ya ce a fita da ƙyalle ɗaya waje a haska da tocila. Tun daga ranar na koyi cewa fitilar ado daban, fitilar gani daban, kuma duk ɗakin da za a duba kaya ko fuskar mutum a bar masa farin ƙwai ko ɗaya ne. Ko sa ba na yarda in taya sai na ja shi rana. Zancen sanyi kuwa har gobe ina nan a kan bakana, ba a dai ba binciken lokaci ba ne.

A wancan lokacin, ana saura kwanaki kaɗan a kai amarya, na shirya na koma Zabarmari don in wanke kaina. Na sami tsohuwar tana sheƙe shinkafa, na durƙusa na gaishe ta, na ce gudummawata ta yaya ita ce ni zan haɗa wa amarya fitilun ɗakinta da hannuna, kyauta, kuma wannan karon na ƙara ƙwarewa.

Ta ajiye faifan, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma mu nan unguwarmu lantarki ba ta iso ba tukuna. Kuma tun ranar da na shiga falonka na daina roƙon Allah ya kawo mana ita."