Goggo, Ɗalibar da Ta Girmi Malamanta

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma kowa zai koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran goggona, yayar mahaifina, a asibiti, bayan gajeriyar jinya. Ta bar 'ya'ya da jikoki, da shagon ɗinki, da karatun digirin lissafi da take shekarar ƙarshe a cikinsa. Ni ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa duk kwanakin da ake zuwa gaisuwa ban ce komai ba. Abin da na kasa faɗa ne nake rubutawa.

Goggo, ranar da kika ce za ki shiga jami'a, kowa ya ɗauka wasa kike yi. Kin haura hamsin, autanki ma ya gama nasa karatun. Baba ya ce in dai karatun ya zama dole, ki zaɓi mai sauƙi. Kika tuna masa cewa tun kuna yara ke kike yi masa aikin gida na lissafi, don haka ya kama bakinsa. Ya kama kuwa.

Kin ba mu labarin ranarki ta farko, yadda ɗalibai suka yi tsit da kika shiga, sun zaci malamar ce. Kika amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, sannan kika nemi kujera a layin gaba kika fito da biro. Daga ranar suka sa miki suna Uwar Aji. Jakarki ba ta rabuwa da allura da zare. Maɓallin wani ya cire, wandon wani ya ɓarke, kafin malami ya shigo kin gyara, kin haɗa da faɗa a kan ƙazanta.

Sauran kwasa-kwasan duk kin haye su lafiya. Guda ɗaya ne ya tsaya miki a wuya, wanda ba amsa kawai ake nema ba, sai an kafa hujja mataki bayan mataki. Sau biyu kina faɗuwa, kuma dokar sashenku ita ce wanda ya faɗi na uku babu shi babu digiri. Abin ya dame ki fiye da yadda kike nunawa, domin na sha ganin kin tsayar da keken ɗinki kin yi tagumi.

Da kika je wurin Dakta, malamin kwas ɗin, ya nuna miki inda matsalar take. Shekara da shekaru kina yanka yadi da ido, ba ki cika ɗaukar tef ba, kuma rigar ta zauna daidai. Haka kike yi wa lissafi. Sai ki hango amsa, ki yi tsalle daga layi na biyu zuwa na goma, ki rubuta a tsakani cewa wannan ai a bayyane yake. Dakta ya ce shi bai ga inda ya bayyana ba. Ya ba ki shawara ki nemi wanda bai san komai ba, ki riƙa yi masa bayani, duk inda ya tsayar da ke to nan kika yi tsalle. Kika dawo gida kika ce kin duba dangi kaf, ba ki ga wanda ya kai ni cancanta ba. Har yau ban san ko yabo ne ba.

Kullum na taso daga makaranta sai in biya shago. Ki ture yadudduka gefe, ki ɗauki allin da kike zana riga da shi, ki cika teburin yanka da rubutu. Sai dai ba ki yi sa'ar ɗaliba ba, domin duk abin da kika faɗa kai nake gyaɗawa. Kunya ba ta barina in ce wa babba ban gane ba. Rannan kika zauna a natse kika nuna mini, layi bayan layi, cewa ɗaya daidai yake da biyu. Na gyaɗa kai. Kika ajiye allin kika dube ni ta saman tabarau.

"Malama Shiru, yanzu ke kin yarda ɗaya biyu ne? To in ɗinka miki riga mai hannu ɗaya, ki sa ki je makaranta."

Masu koyon ɗinki suka yi ta dariya, na ji kamar in nutse. Sai kika rage murya kika ce, "'Yata, in kika ci gaba da jin kunyata, ke za ki kayar da ni." Wannan maganar ce ta shige ni. Na sake duba teburin, da ƙyar na nuna wani layi da yatsa na ce kamar an raba da sifili a nan. Kika tafa hannu, kika aika a sayo mini lemo mai sanyi.

Daga nan bakina ya buɗe, har ya so ya wuce gona da iri. Wata rana na tsayar da ke a wuri ɗaya har kika ce Dakta ma ya fi ni tausayi. Amma sai ki goge teburin da ƙyalle, ki sake farawa, kina mita kina rubuta layukan da da kike tsallakewa.

Kin rubuta jarrabawar, ba a jima ba ciwo ya kwantar da ke. Duk ɗan ajinku da ya zo dubiya, kafin ya tambayi jiki kin tambaye shi ko sakamako ya fito. Bai fito ba har Allah Ya yi ikonSa.

Shekaranjiya 'yan ajinku suka sake zuwa gida. Shugabansu, wanda kike kira Dogo, ya durƙusa gaban Baba yana ta murza waya a hannu. Can ya ce, "Baba, a gafarce ni, ban san ko ya dace ba. Sakamako ya fito. Mama ta ci."

Baba ya tambaye shi da wane mataki. Dogo ya ce na tsakiya ne, kuma Dakta ya ce a gaya mana wannan karon ba ki tsallake ko layi ɗaya ba, har kin gajiyar da shi da bayani. Baba ya ce, "Na tsakiya? Ai da Yaya tana nan, da gobe da sassafe tana ofishinsa tana musu." Aka yi dariya, ana yi ana share hawaye. Ni ma na yi, Goggo, kuma ban rufe fuska ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa wahalar neman ilmin da kika sha ta zama nauyi a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga yayyena 'ya'yanki da jikokinki, da Baba da ya rasa yayarsa, da masu koyon ɗinki, da 'yan ajin da suka rasa uwarsu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya sada mu da ke a Aljanna. Amin.