Kunnenta na Hagu

A watan jiya ƙanwarta ta aiko mini da labarin rasuwarta. An binne ta a ƙauyensu, kusa da Kafanchan, ban samu zuwa ba. Tun ranar ba na iya zama wuri guda. In na zauna a tsakar gida sai in tashi in shiga ɗaki, in na shiga sai in rasa abin da ya kawo ni. 'Yata ce ta ce in rubuta abin da nake tunawa.

Ni da marigayiyar mun haɗu a wata masaƙa a Sharada, wajen ƙarshen shekarun 1980. Ni daga Ɗorayi nake tahowa a ƙafa, ita kuma daga Birget, sai ta hau motar kiya-kiya biyu kafin ta iso. Mata kaɗan ne a sashen saƙa, layin injunanta kuma yana jikin nawa. Wanda bai taɓa shiga wurin ba ba zai gane ƙarar ba. Ko ka sa baki a kunnen mutum ba zai ji ka ba, don haka da hannu muke magana. In ka ja yatsa a iska, zare ya tsinke. In ka dafa ciki, lokacin abinci ya kusa. In ka ɗora tafin hannu a kanka ka nuna gefe, wani yana bayan mutum ta wannan gefen, galibi oga.

Masaƙar tana da ƙungiyar ƙwallon maza tun da daɗewa. Wani ma'aikacin ofis, mutumin Jos, shi ya nace a yi ta mata, shi ya zama kocinmu. Yawancin 'yan wasan daga kudancin Kaduna da Filato suke. Ni tsayina ne ya sa aka ja ni aka tsayar a raga. Inna ba ta so ba, amma ta yarda bisa sharaɗin dogon wando da ɗankwali, kuma in shigo gida kafin magariba. Ita kuwa 'yar baya ce, lamba biyar, a gabana take tsayawa. Ba ta da girman jiki, ba ta fi kowa gudu ba, amma da wuya a wuce ta. Tana da wata ɗabi'a, kanta ba ya tsayawa, dama, hagu, baya, kamar zabuwa. 'Yan ƙungiya suna tsokanarta wai wata rana wuyan zai kwance ya faɗi a fili. Duk lokacin da ta waiwayo ni take nema, ni kuma in yi mata alamar da muka saba a wurin aiki.

Na daɗe ban lura ba cewa in muna tafiya kullum a haguna nake ganinta. In na sauya gefe sai ta zagayo. Wata rana a bakin ƙofar masaƙa mai gurasa ta tambaye ta ko a sa mata yaji, ta sake tambaya, ba ta ko juya ba. Da muka zauna a inuwa na ce mata, “Ke, matar nan tana yi miki magana kika share ta.”

Ta taɓa kunnenta na hagu. “Wannan ya tafi tun bara.” Ta taɓa na dama. “Wannan ma ya fara ɗaure kayansa.”

Ta ce ta je asibiti, likita ya ce ko ta bar wurin ƙarar ko ta rasa ɗayan. Na ce to ta nemi a mayar da ita sashen duba yadi. Ta ce ta nema, an ce babu gurbi. Barin aikin kuma ba zai yiwu ba, ƙannenta biyu a makaranta suke, ita suke kallo. Ta ce kada in gaya wa kowa, ko koci.

Bayan damina sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar mata daga Legas za ta zo Kano, za su buga da mu a wani fili a Bompai. Su ƙwallon ce aikinsu, a kanta ake biyansu, ba sa tsayawa gaban inji. Aka kuma ce 'yar baya suke nema. A makon nan na ga ta sauya. A wurin aiki sai ta yi ta kai da kawowa a layinta ko zare bai tsinke ba. Abinci sai ta ci loma biyu ta ture mini. Da jiniya ta yi kukan tashi sai ta ja ni fili, mu biyu, in yi ta jefa mata ƙwallo sama tana sa kai, har in ce mata Inna za ta yanka ni.

“Ki gaya musu gaskiya mana,” na ce mata ana jibi wasan. “Ai ƙafa suke nema.”

“Hajiya gola, ke za ki sayi rediyo mai sifika ɗaya?”

“In tana kama tasha.”

“Ai shi ya sa ba a aikenki kasuwa.”

Ranar Asabar da la'asar filin ya cika. Ba don son ƙwallon mata ba, yawanci sun zo ne su yi dariya. Akwai 'yan aikin fata daga Challawa da suka zo a bayan wata babbar mota, akwai 'yan kamfanonin Bompai, akwai kuma mazan sashenmu na saƙa, waɗanda kullum suke tambayarmu wa zai aure mu da irin wannan ƙwaurin. 'Yan Legas sun fi mu komai, har takalma. Suna da wata doguwa a gaba mai gudu kamar an koro ta. Amma kafin hutun rabin lokaci doguwar nan ba ta samu ta juyo ta fuskance ni ba. Duk inda ta bi sai ta tarar lamba biyar ta riga ta isa.

A hutu kocinsu, wani mai jiki da hular hana-salla, ya zo wajen kocinmu. Ya ce yana so a ara masa ita, ta buga musu sauran wasan, ya ga yadda za ta zauna da 'yan bayansa. Aka miƙa mata rigarsu. Tana sawa ta kalle ni. Babu wanda ya yi tunanin haka zai faru, har ita.

Sai ga ni a wannan raga, ita a can ɗaya ƙarshen fili. Golarsu mai baki ce, tana ta ba da umarni da Turanci, tun daga inda nake ina jiyo ta. Ita ba ta ji. Na ga ta waiwaya, golar ta daka mata tsawa, ta juyo ba ta gane komai ba. Can 'yar gabanmu, wata 'yar Zonkwa mai wayo, ta lallaɓo ta gefen hagunta. Ban yi shawara da kowa ba. Na fito daga raga, na ɗora hannu a kaina, na nuna gefen. Ban san ko za ta hango ba. Ta juya, ta tare, ta kwashe ƙwallon ta fitar.

'Yar Zonkwa ta tsaya ta riƙe ƙugu ta kwaɗo mini kira. “Ke gola, wa ke biyanki?”

Koci daga gefen fili ya ce, “Me kike kora ne, ƙuda?”

Na ci gaba. Nisan ya yi yawa, wani lokaci ta gani, wani lokaci ba ta gani. Sau ɗaya rafali ya hura usur ta ci gaba da bin ƙwallo, sai da ta ga kowa ya tsaya. Na ga mai hular ya karkata kai. Ni kuma ina can hannu a sama aka jefa mini ɗaya a raga, ban ma ga fitowarta ba.

Mazan sashenmu ne suka fara ganewa. Wani dattijo ɗan Jigawa, wanda ya fi kowa daɗewa a kan injunan kuma shi ma sai an ɗaga murya yake ji, ya dube ni, ya dube ta. Sai ya tashi ya taka zuwa gefen da take, ya tsaya daf da layi. Da aka sake lallaɓo ta, shi ya ɗora hannu a kan hularsa. Kafin a jima sun kai goma a wurin. In an hura usur sai su ɗaga dunƙulallen hannu, alamar a kashe inji. 'Yan Challawa suna ta dariya, sun ɗauka wata rawa ce. Daga nan ba ta ƙara yin kuskure ba. Mu kuwa ba mu ci ko ɗaya ba, 'yar Zonkwa ta yi mako ba ta gaishe ni ba.

Da aka tashi ta zauna a ƙasa tana kwance igiyar takalmi. Ina tahowa na ga kocin Legas, mai hular nan, ya nufo ta, kuma ta hagu ya zo. Ya tsaya ya yi magana. Ba ta ɗago ba. Ya sake. Ina gabanta da 'yar tazara, na tsugunna kamar zan gyara safa, na ɗora hannu a kai. Ta miƙe zumbur ta ce da Turanci, “Yes, sa.” Ta yi kamar tana kakkaɓe wando, ta zagaya har ya koma damanta.

Ya yi mata tambayoyi, ta amsa. Sannan ya dube ni, ya ɗan daɗe yana dubana, ya tambayi kocinmu me mutanen can suke yi da hannuwa. Koci, wanda a lokacin ina jin ya riga ya gane, ya ce masa haka mutanen Kano suke yi in ɗan wasa ya burge su. Mai hular ya gyaɗa kai. Ya ce abin da ya so a wurinta shi ne ba ta daina dube-dube, nasa 'yan bayan ƙwallo kawai suke kallo. Ya ce ta biyo su a jirgin ƙasa cikin mako. Har yau ban san ko ya yarda da maganar koci ba.

Ta buga musu shekaru, har aka riƙa faɗin sunanta a rediyo, sai gwiwa ta tsayar da ita. Kunnen dama ya zauna. Ƙanwarta ta ce da shi ta ji kukan jikokinta.

Ranar tafiyar ina aikin rana, don haka da safe na raka ta tasha. Jakarta ɗaya, da takalman a rataye a wuya. Na tambaye ta wa zai riƙa yi mata alama a can.

“Zan koya wa golarsu.”

“Waccan mai bakin?”

“In ta ƙi koyo ai wuyan yana nan.”

Jirgin bai zo a kan lokaci ba. Muka sayi rake muka sha, muka sake saye. Rana ta take, na ga in ban tafi ba za a rufe mini ƙofa. Na ce mata Allah ya kiyaye hanya, ta ce in gaishe da Inna, in kuma ce wa dattijon nan ta gode. Na fito na hau kiya-kiya zuwa Sharada. Da na shiga, oga ya nuna mini layinta, ya nuna nawa, ya haɗa yatsu biyu. Ni na riƙe su duka har aka kawo wata.